Ina ƙarfen Sculptor ya tafi? Kundin aikina daga Katsina

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Malam ya sa hannu a kan taken aikin jiya bayan an sauko Juma'a. Daga yau zan riƙa ajiye abin da na yi a nan, ko don 'yan ajinmu masu tambayata yadda mutum zai yi binciken taurari a Katsina alhali bai mallaki madubin hangen nesa ba. Da data da caji ake yi.

Galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Rana take ciki, yana da ƙananan galaksi masu kewaya shi, wadanni, sun haura hamsin waɗanda aka gano. Biyu zan ɗauka, Sculptor da Fornax, waɗanda Harlow Shapley ya sanar da gano su a 1938 daga hotunan da aka ɗauka a Afirka ta Kudu. Hasken Sculptor yana shafe shekara kusan 280,000 kafin ya iso mu, na Fornax sama da 450,000. Tambayoyina biyu ne: yaushe suka haifi taurarinsu, kuma me ya sa ƙarfen jikinsu ya yi kaɗan haka.

A farkon samuwar sararin samaniya haidurojin ne da hiliyam, sai ɗan burbushin litiyam. Oksijin da magneziyam da baƙin ƙarfe duk a cikin taurari aka ƙera su, suka watsu bayan taurarin sun mutu, sabbi suka fito daga gas ɗin da ya gauraya da su. Ƙaramin tauraro yana iya rayuwa sama da shekara biliyan 13, kuma fatarsa ta waje tana riƙe da sinadaran gas ɗin da aka haife shi a ciki. Idan ka auna taurari ɗari a galaksi guda, ka samu samfurin gas ɗinta daga zamani daban-daban.

Ma'aunin da zan yi ta ambata shi ne [Fe/H]. Sifili yana nufin ƙarfe daidai da na Rana, −1 kashi ɗaya cikin goma na Rana, −2 ɗaya cikin ɗari. Matsakaicin Sculptor wajen −1.7 ne, na Fornax wajen −1.0.

Kuɗin yau: data ₦5,000, littafin rubutu mai kauri ₦1,200.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na saka Python da astropy da matplotlib, manhajojin lissafi da zane. Laftof ɗin ta tsufa amma ta ɗauka.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na shiga rumbun Gaia, tauraron ɗan'adam ɗin hukumar sararin samaniya ta Turai da aka harba a Disamban 2013. An kashe shi a Maris ɗin bana, amma abin da ya tara yana nan kyauta, kuma kashi na uku da aka saki a Yunin 2022 nake amfani da shi. Na nemi duk tauraron da ke cikin da'ira mai faɗin digiri ɗaya a inda Sculptor take.

Zanen farko, launi a kwance, haske a tsaye, ba ka gane komai a cikinsa. Akasarin ɗigon taurarin galaksinmu ne da suka tsaya tsakaninmu da Sculptor. Gaia ya auna yadda kowane tauraro ke ɗan matsawa a sararin sama duk shekara, to na kusa suna matsawa da yawa, kowa ya kama gabansa, su kuwa 'yan Sculptor tafiyarsu ɗaya ce kuma ƙanƙanuwa ƙwarai saboda nisa. Na ce wa kwamfuta ta bar min masu wannan tafiyar kaɗai, ta zubar da duk wanda aka iya auna kusancinsa. Sai ga reshen jajayen ƙattai, wato tsofaffin taurarin da suka kumbura suka yi ja, ya fito tsaf, siriri, ya lanƙwasa zuwa dama yana hawa. Na daɗe ina kallonsa kafin na tashi sallar Isha.

Sai dai ga cikas tun ba a je ko'ina ba. Shekarun taurari ana karanta su ne a wurin da suke fara barin babban layin zanen suna kumbura, kuma a nisan Sculptor wurin yana wajen lamba 23 a ma'aunin haske, inda lamba mafi girma take nufin tauraro ya fi dishi-dishi. Ido yana tsayawa a 6, Gaia wajen 21. Ke nan ɓangaren shekaru ba zai fito daga hannuna ba, dole in jingina da abin da masu manyan madubai suka wallafa. Nawa aikin zai tsaya a kan sinadarai da lissafi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ban taɓa aikin ba. Makin gwajin 'yan SS2.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Wannan makon data ya cinye ni. Shirin APOGEE, wanda ke da na'ura a Las Campanas ta ƙasar Chile, ya auna sinadaran taurarin Sculptor da Fornax, amma babban fayil ɗinsu ya kusa gigabait huɗu. Na sayi garaɓasar dare, na sa ƙararrawa ƙarfe ɗaya, na jingina waya a taga inda sabis ya fi zama. Ya yi nisa ƙwarai, ina kallon layin yana cikowa, sai sabis ya ɗauke wajen ƙarfe uku da rabi. Da ya dawo, sai saukewar ta koma sifili. Washegari aka maimaita, har da ƙarin sauro. ₦3,500 ta tafi, na tafi makaranta da jajayen idanu har shugabanmu yana tambayata ko zazzaɓi ne.

Mafita ta fito daga VizieR, rumbun jadawalai na Strasbourg a Faransa. A can na samu jadawalin Evan Kirby da abokan aikinsa na 2010, taurari 2,961 a wadannin galaksi takwas, da aka auna da madubin Keck na Hawaii: ƙarfe, magneziyam, silikon, kalsiyam, taitaniyam. Na zaɓi ginshiƙan da nake so, ya sauka kafin shayina ya huce. APOGEE sai wani jiƙon.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Yau na yi zanen da dukan aikin ya rataya a kansa: yawan ƙarfe a kwance, yawan magneziyam idan an gwada shi da ƙarfe a tsaye.

Fashewar tauraro iri biyu ce ta shafe ni. Ta farko ta ƙattai ce, waɗanda nauyinsu ya haura na Rana sau takwas. Ba sa daɗewa, cikin shekara miliyan 3 zuwa 40 sun ƙone sun fashe, su zubar da oksijin da magneziyam masu yawa, ƙarfe kuwa kaɗan. Wanda ya fashe a Babban Gajimaren Magellan, wata galaksi maƙwabciyarmu, a Fabrairun 1987, abin da ya fitar da zai zama ƙarfe bai wuce kashi 7 cikin ɗari na nauyin Rana ba. Ta biyu ta farin wadan tauraro ce, gawar tauraro irin Rana, idan yana da abokin zama da yake jan gas daga jikinsa ko suka haɗe. Wannan yana fitar da ƙarfe kusan ninki goma na wancan, magneziyam kusan babu. Amma yana da jinkiri, sai taurarin sun tsufa sun mutu tukuna, wasu bayan ɗaruruwan miliyoyin shekaru, wasu biliyoyi. Beatrice Tinsley ce ta fito da muhimmancin wannan jinkirin a 1979.

Don haka taurarin farko na kowace galaksi suna da magneziyam mai yawa a kan ƙarfe, layinsu yana tafiya a miƙe a sama. Ranar da fararen wadanni suka fara fashewa da yawa, ƙarfe ya malalo, layin ya karye ya gangaro. Wurin karyewar ake kira gwiwa. Lokacin zuwanta kusan ɗaya ne a ko'ina, abin da ya bambanta shi ne yawan ƙarfen da galaksi ta riga ta tara kafin lokacin. A galaksinmu gwiwar tana wajen −1.0. A Sculptor tana wajen −1.8, wato ta tara kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da namu ya tara a tsawon wannan jiran.

A bayanan Keck, gaskiya gangara kawai na gani, ɗigon sun watse saboda kuskuren ma'aunin magneziyam yana da girma a taurari masu dishi-dishi. Sai da na ɗora taurari 99 da Vanessa Hill da tawagarta suka wallafa a 2019 daga madubin VLT na Chile, sannan gwiwar ta bayyana, daga wajen +0.4 layin ya sauko har ƙasa da sifili. Taurari kaɗan da aka auna da kyau sun fi min ɗaruruwan amfani a wannan zanen.

Wani abu da ya ba ni sha'awa, ko da yake ba ya cikin aikina. An daɗe ana cewa galaksinmu ya girma ne ta hanyar haɗiye ƙanana. To amma tsofaffin taurarin kewayensa masu ƙarfe −1.3 akasarinsu suna da magneziyam fiye da 'yan Sculptor masu ƙarfe daidai wannan. Ke nan abin da ya haɗiya da wuri ya fi Sculptor girma da saurin haihuwa, irin wadda bayanan Gaia suka tona a 2018, da ta faɗo cikinsa shekara wajen biliyan 10 da suka wuce.

Talata, 2 ga Disamba

An kawo wuta da ƙarfi da tsakar daren Lahadi. Na ji ƙauri, kafin in kai hannu cajar ta yi baƙi a gefe ɗaya, robar ta narke ta manne da soket. Fankar falo da ƙwan ɗakin Hajiya su ma sun tafi. Laftof ta ƙi tashi.

Na kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe, ya sa mita, ya ɗan shinshina allon, ya nuna min da bakin sukudireba wani ɗan ƙwayar abu da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya tsage a tsakiya. Ya ce, "Malam, ka yi sa'a a nan ta tsaya. Da ta wuce nan sai dai ka sayi wata." Babu irinsa a garin, sai ya aiko daga Kano. Fayilolina suna filash tun daren Asabar, hankalina kwance ta wannan ɓangaren.

Gyara ₦14,000, sabuwar caja ₦11,500. Kuɗin da na ware wa buga takardu ke nan.

Laraba, 10 ga Disamba

Laftof ta dawo jiya. Na ari ƙaramin batirin solar Yaya, ba na sake haɗa ta da bango kai tsaye.

Fornax. Zanenta bai nuna gwiwa ba sam, domin kusan duk taurarin jadawalin daga tsakiyarta suke, masu ƙarfe ne, sun riga sun gangaro. Masu ƙarancin ƙarfe suna can gefe. Haka Sculptor ma take, an nuna tun 2004 cewa masu ƙarfenta sun taru a tsakiya, matalautan sun bazu waje, don haka inda aka saita madubi yana canza matsakaicin da za ka samu. Waɗanda suka auna gefen Fornax a 2014 sun samu gwiwarta wajen −1.9, kusan daidai da ta Sculptor, alhali taurarin Fornax sun kai nauyin Rana miliyan 20, na Sculptor 'yan miliyoyi ne. Bai kamata babba ta yi farkon rayuwa irin na ƙarama ba, sai in ƙanana ne suka haɗe suka zama ita. Na rubuta wannan a gefen littafi da jan biro.

Lahadi, 14 ga Disamba

Na gama lissafin farko, wanda ake kira rufaffen akwati. Gas a ciki, babu mai shiga babu mai fita. Kowane taki na shekara miliyan 10, wani kaso na gas ya zama taurari, kusan ƙato ɗaya ya fashe a duk nauyin Rana 100 da aka haifa, farin wada ɗaya ko biyu a duk 1,000, a rarrabe bisa tsawon lokaci. Layi tamanin da wani abu ne kod ɗin gaba ɗaya.

An san ba zai dace ba, amma ban zaci ratar ta kai haka ba. Taurarin akwatina sun tafi har kusa da ƙarfen Rana. Na Sculptor na gaske ba su kai kashi ɗaya cikin arba'in ba a matsakaici, kuma da wuya ka ga wanda ya haura −1.0.

Na kai wa Malam ofis ranar Juma'a da safe. Ya ɗaga takardar, ya sauke tabarau.

"To, ina ƙarfen ya tafi?"

"Ranka ya daɗe, fita ya yi."

"Na sani fita ya yi. Nawa ne ya fita, kuma yaushe? Shi za ka kawo min, ba labari ba."

Lahadi, 21 ga Disamba

An yi hutu, na je Daura gaishe da Kawu, na haɗa da wata buƙata tawa. Sculptor da Fornax ba a ganinsu da ido ko da ƙaramin madubi, amma Babban Gajimaren Magellan ana ganinsa, kuma lissafi ya nuna daga nan yankin, digiri 13 arewa, yana ɗagowa digiri 7 a kan kudu wajen sha biyun dare a wannan watan. Bai kai faɗin dunƙulen hannu ba idan ka miƙe shi. Wata bai fito ba, kuma bayan gidan Kawu fili ne har gonaki, ba sai na shiga daji da dare ba, abin da babu mai hankalin da zai yi yanzu.

Na hau soro da bargo da tabarau mai hangen nesa na aro. Hazo ya rufe ƙasan sama ruf. Kaza da 'ya'yanta suna can sama garau, tauraron Suhail ya fito a kudu amma jajawur, yana ta kyaftawa, shi da yake digiri 24 sama. Ƙasa da shi toka ce kawai. Kawu ya leƙo da tocila ya ce, "Kai ɗan nan, mi kake nema bisa soro cikin ɗarin ga?" Na ce wani gajimare ne da ba ya kawo ruwa. Ya ce in sauko kafin mura ta kama ni. Ta kama ni.

Mota zuwa da dawowa ₦5,000. Zan sake gwadawa duk daren da iska ta share hazon kafin ƙarshen Janairu.

Asabar, 27 ga Disamba

Na huda akwatin. Yanzu duk lokacin da aka haifi taurari, wani ninki na nauyinsu na gas yana ficewa ba ya dawowa. Dalilin a bayyane yake. Kafin abu ya kuɓuce wa galaksinmu daga inda Rana take sai ya yi gudun sama da kilomita 500 a daƙiƙa. A irin su Sculptor 'yan gomomi sun isa, ita kuwa fashewar tauraro tana wurgo gas da dubban kilomita a daƙiƙa. Randa ce mai yoyo, ana ɗura mata tana zubarwa.

Na riƙa ƙara ninkin. A 5 babu wani canji na a zo a gani. A 15 an fara kusantowa. Sai da na haura 30 sannan tudun zanena ya zauna a kan na taurarin gaske. Fornax ta yarda da abin da bai kai rabin haka ba. Na duba, ashe lissafin bai yi nisa da na manya ba: Kirby da abokansa sun ƙiyasta a 2011 cewa waɗannan wadannin sun yi asarar kashi 96 zuwa sama da 99 cikin ɗari na sinadaran da taurarinsu suka ƙera. Shi ya sa ƙarfe ke bin nauyi, an auna cewa galaksi ta ninka nauyin taurarinta sau goma, ƙarfenta ya ninka kusan sau biyu.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Murnar makon jiya ta ragu. Maɓallai uku nake murɗawa: saurin haihuwar taurari, ƙarfin iskar da ke fitar da gas, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana haihuwa. Na samu haɗi biyu mabambanta da suke ba ni zane kusan iri ɗaya. Ɗaya haihuwa a hankali na tsawon shekara biliyan shida, ɗaya kuma haihuwa da gaggawa ta biliyan biyu da iska mai ƙarfi.

Abin haushin, masu manyan madubai ma haka suka rabu. Binciken 2012 ya ce Sculptor ta yi shekara biliyan 6 zuwa 7 tana haihuwa, na 2019 ya ce akasarin abin ya ƙare cikin biliyan 2. Duka sun yarda tsohuwa ce, ta daina tun da daɗewa. Ni na fi karkata ga gajeren lokaci amma ba can ƙarshensa ba, domin gangarar magneziyam har ƙasa da sifili tana buƙatar a ba fararen wadanni lokaci su yi aikinsu yayin da ake ci gaba da haihuwa. Karkata ce kawai. Malam ya ce in rubuta duka biyun, in nuna inda zanen ya kasa raba su, kada in ɓoye ɗaya don ɗaya ya fi kyau a takarda.

Alhamis, 8 ga Janairu

An koma makaranta. Dare biyu na ɓata a kan Reticulum II, wata 'yar mitsitsiyar galaksi da aka gano a 2015. A 2016 an auna taurarinta tara mafiya haske, bakwai suna cike da sinadarin yurofiyam da danginsa masu nauyi, abin da ba a gani a sa'o'inta. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne taurarin niyutiron biyu, wato gawarwakin ƙattan da suka fashe, su ne suka yi karo sau ɗaya tak a farkon rayuwarta suka wadata ta, shekara guda kafin a ga irin wannan karon kai tsaye a Agustan 2017. Na aika wa Malam saƙo ko in ƙara babi. Ya amsa da kalma uku: "Gama naka tukuna."

Asabar, 17 ga Janairu

Abin da ya tafi zuwa yau: data ₦21,000, gyara da caja ₦25,500, mota ₦5,000, littafi da buge-buge ₦3,700. Jimla ₦55,200.

Malam yana son babi na uku a hannunsa kafin azumi, wato saura wata guda. Zan sa gas mai shigowa daga waje a lissafin, domin akwatina yana haifar da taurari masu ƙarancin ƙarfe fiye da waɗanda ke jadawalin, kuma sai na raba nawa ne laifin lissafi, nawa ne na saita madubi a tsakiya. Fornax tana buƙatar nata tsarin daban, ita da ta ci gaba da haihuwa har 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekarun baya, ga shi yanzu ba ta da gas. Wannan ba iskar fashewa kaɗai ba ce, kusanci da galaksinmu ma yana kwashe musu gas: in ka cire Gajimaren Magellan biyu, na kusa duk sun bushe, Leo T kuwa, wata wadar galaksi da ke can nesa, sama da shekarun haske miliyan 1.3, tana da nata har yau.

Idan lokaci ya rage zan gwada Carina, wata wadar galaksi da aka gano a 1977 ba nisa da Suhail a sararin sama. Ita ta haihu, ta tsaya biliyoyin shekaru, ta sake haihuwa, kuma kod ɗina bai san tsayawa ba tukuna. Wani ɗan ajinmu ya ce yana da fayil ɗin APOGEE a kwamfutarsa, zan kai masa filash ranar Litinin bayan an tashi.